Gwaggo Huraira a Bakin Matsirga

Salamatu ta kai shekara goma a duniya ba ta san Gwaggo tana da suna ba. A gidansu na Tarauni Gwaggo ake ce mata, don ƙanwar mahaifinta ce, Alhaji Bello. A bakin titin Zariya kuwa, nan Gyaɗi-Gyaɗi inda take suya, direbobi Mai Waina suke kiranta. Sai wata ranar damina a shekarar 1971, da hantsi, wani dogon mutum da riga duk baƙin mai ya tsaya a ƙofar zaure yana sallama. Aka aiki Salamatu ta ga ko wane ne.

"'Yan mata, nan ne gidan yayan Huraira?"

Ta ce masa babu mai wannan suna a gidan. Ya cire hula ya share fuska da ita, ya ce, "Mai Waina nake nufi. Uwar Lawan."

Salamatu ta ƙura masa ido. Ita a saninta Yaya Lawan ɗan gidansu ne, babban wansu, direban da ke kawo musu dankali da tumatir daga Jos. Mutumin nan Ƙasimu ne, abokin tafiyarsa, kuma mugun labari ya kawo: Lawan ya rasu jiya a hanya, har an yi masa sutura a can.

A wani ƙauye kusa da Rano aka haifi Huraira. Mijinta Baballe, direban gingimari, shi ya kawo ta Gyaɗi-Gyaɗi tun unguwar tana gidajen ƙasa tsilli-tsilli a tsakanin gonaki, kana ƙofar gida kana hango Tarauni. Da Allah ya yi masa rasuwa ta ƙi komawa ƙauye, ta kuma ƙi ɗakin da yayanta ya ware mata. Ta ce ita ba za ta zauna ana turo mata tuwo a kwano kamar mai jinya ba. Ta sayi tanda, ta kafa murhu a gindin wata darbejiya a bakin titi, inda manyan motoci ke tsayawa kafin su ɗauki hanyar kudu. Gajeriya ce, mai ƙarfin dantse, gashin girarta duk hayaƙi ya cinye. Baki kuwa ba a magana. Direban da ya ce miyarta ta yi gishiri sai ta fizge kwanon ta ce ya je matarsa ta dafa masa, in har yana da ita.

Abu ɗaya ne bakin nan ba ya taɓawa. Lawan shi ne ɗanta na fari, kuma a tarbiyyar da aka yi mata uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta kallonsa ido cikin ido, ba ta nuna ta san da zamansa a gaban mutane. Alkunya ke nan, kuma Huraira ta riƙe ta fiye da kowa. Ana yaye shi aka kai shi gidan Alhaji Bello, can ya girma. Mata biyun da ta haifa bayansa, tun daga ƙarshen layi ake jin tana ƙwala musu kira tana haɗawa da zagi. Shi kam ko sau ɗaya.

Da ya zama direba sai ya riƙa tsayar da motarsa a gindin darbejiyar kamar kowa. Ita kuma tun da asuba ta ware waina mafi laushi, ta baɗe ta da ƙuli, ta rufe a langa. In ya zauna sai ta tura langar gefe, idonta a kan tanda, ta ce, "A miƙa wa direban can."

"Wane direba, Inna?" in ji sauran, suna ƙyafta wa juna ido. "Ai duk nan direbobi ne."

"Wanda bai kai ku surutu ba, 'yan banza."

Lawan ya yi murmushi ya ci abinsa. Ranar tafiyarsa ta ƙarshe ya durƙusa a bayanta ya ce, "Inna, zan wuce." Ba ta juyo ba. Tanda ta faɗa wa, "Allah ya kiyaye hanya."

Akwai wani wuri a hanyar Jos, bayan an fita daga dajin Falgore, inda titi ke matsewa tsakanin duwatsu. A gefensa akwai kwazazzabo mai zurfi, a cikinsa ruwa na zubowa daga ƙwanƙolin dutse. Irin wannan ruwa shi ake kira matsirga, amma direbobi "wajen ruwa" kawai suke cewa. Daga titi ana jin rugugin, ba a ganin komai. Nan suke tsayawa injin ya huce, a gangara da garwa a ɗebo ruwan zuba wa mota. A ranar da abin ya faru, Lawan ne ya ɗauki garwar. Santsi ya ɗauke shi a kan dutse, ruwan damina kuma ba ya jira. Ƙasimu da wasu makiyaya suka tsamo shi a can ƙasa, suka sallace shi, suka binne shi a gindin wata bishiya.

A Tarauni aka yi zaman makoki, don can ne gidansa. Alhaji Bello da matarsa Asabe, uwar Salamatu, su aka yi ta yi wa ta'aziyya, su kuma suka yi kuka. Huraira tana madafa tana tuƙa wa baƙi tuwo, idonta a bushe ƙamas. Har ita ma ta je ta durƙusa gaban Asabe ta ce, "Sai haƙuri. Allah ya jiƙan yaron." Tsofaffi suka yi ta jinjina mata. Aka ce an daɗe ba a ga mace mai kara irin wannan ba.

Haka aka tafi har daminar 1976. Salamatu tana makarantar sakandare ta 'yan mata, ta zo hutu. Aka yi suna a gidan ƙanwar Asabe a Unguwa Uku, haihuwar fari. Maijegon ta shagala, ta ɗauki jaririnta a gaban mata tana yi masa wasa. Wata tsohuwa ta daka mata tsawa.

"Ke, ajiye shi! Ba ki da kunya ne? Dubi Gwaggo can. Nata ya mutu, ko ɗigon hawaye ba a gani ba. Ita ce mace."

Huraira tana raba waina a lokacin. Ta ajiye cokalin a hankali, ta goge hannu da zaninta.

"Bar ta ta kalle shi," ta ce.

"Me kika ce?"

"Na ce a bar ta ta kalli abinta. Ta kalle shi da kyau."

Ta ɗauki mayafinta ta fita, ba ta yi wa kowa sallama ba. Salamatu ta bi ta. Sun yi nisa a ƙafa kafin Gwaggo ta yi magana, kuma ba ta dubi yarinyar ba.

"Ke 'yar boko, kina tuna fuskarsa?"

"Ina tunawa, Gwaggo."

"Ni na neme ta na rasa. Ƙeyarsa nake gani, da dunduniyarsa. Sai ya juya baya nake ɗaga ido." Ta gyara mayafi. "Zan je in ga inda yake kwance."

Washegari ta sami yayanta a zaure bayan la'asar, yana kan buzu da rediyo a gefensa. Salamatu ta kawo ruwa ta maƙale a bayan ƙofa.

"Yaya, zan bi Ƙasimu ranar Laraba. Zai sauke ni wajen ruwa."

Alhaji Bello ya kashe rediyon. Ma'aikacin gwamnati ne, mai son komai a kan tsari, kuma ya so Lawan kamar ransa. "Wajen ruwa? Ki yi me?"

"In gani."

"Ki ga me, Huraira? Tun yaushe mata suka fara bin kaburbura a daji? Wurin ma an ce iskoki ne fal. Gobe a ce ƙanwar Alhaji Bello ta je kai wa aljanu gaisuwa."

"Su ce. Bakinsu ne."

"Ni na riƙe yaron nan. Ni na yi masa kaciya, ni na sa shi makaranta, ni na yi kukansa. An yabe ki yabon da ba a yi wa uwarmu ba. Yanzu da furfura za ki zubar?"

"Yabon na dafa shi, Yaya, bai nuna ba. Ka riƙe shi, Allah ya saka maka. Amma ba kai ka yi naƙudarsa ba."

Bai taɓa jin ta danganta kanta da Lawan ba, ko da a kaikaice. Ransa ya ɓaci. "To ji nan. In kika taka motar nan, kada ki sake taka zauren nan."

"Zaurenka ne," ta ce. Ta sa takalminta ta tafi.

Ranar Laraba, ana idar da sallar asuba, Alhaji ya aiki Salamatu Gyaɗi-Gyaɗi ta maimaita mata maganar, ko ta huce. Ta tarar murhu a kashe, abin da ba a taɓa gani ba in ba ranar Sallah ba. Gwaggo ta riga ta ɗare gaban gingimarin Ƙasimu, da langa a cinya.

"Gwaggo, Baba ya ce in gaya miki..."

"Ba na ji, injin ya cika ƙara. Hawo ki faɗa min a kunne."

Salamatu ta taka ƙarfen ta hau. Gwaggo ta cafke hannunta ta zaunar da ita, ta ja ƙofa ta rufe garam. "Ƙasimu, ja mu tafi."

"Haba Inna! 'Yar Alhaji? So kike a ɗaure ni?"

"Gwiwata ba ta da kyau, wa zai riƙe ni a dutse? Kai? Ja mota, ɗan nema. Na aika a gaya wa uwarta."

Salamatu tana iya buɗe ƙofar, ta sani. Ba ta buɗe ba.

Suka wuce gonakin dawa da gero kore shar, suka wuce Tudun Wada, gari ya fara tudu da gangare. A cikin daji wasu manyan birai suka tsallake titi suna tafiyar ƙasaita. Ƙasimu ya ce, "Inna, ga gwaggon biri can, ko in tsaya ku gaisa?" Ta ce, "Tsaya mana, in tambaye shi ko ya gane ɗan da ya yar a tasha." Ya yi dariya har da buga sitiyari. Amma da duwatsu suka fara matso titi, dariyar ta ɗauke. Ya gangara gefe ya kashe mota. Sai ga rugugin ya cika musu kunne, kamar hadari a ƙarƙashin ƙasa.

Hanyar 'yar siririya ce, ƙafar direbobi da ta shanu ta fitar da ita. Da farko hawa ake yi, a zagaya wani ƙaton dutse, sannan a gangara kwazazzabon. Ciyawar gamba ta fi su tsawo, jiƙe da raɓa, tana marin fuska. Gwaggo ta cire takalmi ta miƙa wa Salamatu, ta yi ɗamara da mayafinta. Shekarun zama gaban murhu sun cinye mata gwiwa. Kowane taku sai ta dafa cinya ta ce "wash", in kuwa Ƙasimu ya miƙo hannu sai ta buge shi. A tsakiyar hawan numfashinta ya sarƙe, ta zauna a kan dutse, gumi na ɗiga daga haɓarta.

"Inna, mu koma," in ji Ƙasimu. "Wallahi gaba ya fi nan muni. Daga nan ma addu'a tana isa."

"Daga Gyaɗi-Gyaɗi ma tana isa. Ba ita ta kawo ni ba." Ta kama kafaɗar Salamatu ta miƙe.

Gangaren da zama ta yi shi, tana jan jiki daga dutse zuwa dutse, jar laka ta ɓata mata zani. Iska ta sauya, ta yi sanyi, tana ƙanshin jiƙaƙƙen ganye. A ƙasa suka tarar da fili mai gora da bishiyoyin kanya. Ƙasimu ya shiga gaba yana waige-waige. Ya je gindin wannan bishiya ya dawo, ya je waccan ya buɗa ciyawa da ƙafa. Salamatu ta ga yadda wuyansa ya jiƙe.

"Mun jera duwatsu a kai," ya ce. "Manya. A nan ne... ko can." Ya tsaya, hannuwansa a sake. "Inna, ruwa ya sauya wurin. Rafin ma da ba ta nan yake bi ba. Ki yafe ni. Ban gane ba."

Salamatu ta dubi Gwaggo. An ɓata da Alhaji, an ci wannan wuya, ga shi babu ko tudun ƙasa da za a nuna. Ta jira Gwaggo ta fashe da faɗa. Gwaggo ta dubi bishiyoyin ɗaya bayan ɗaya, ta daɗe.

"Duk nan ne ke nan," ta ce. "To. Kai ni inda ya ɗebi ruwan."

Suka bi bakin rafin suka sha kwana, sai ga ta. Ruwa fari fat yana faɗowa daga sama tsakanin baƙaƙen duwatsu biyu, tsawonsa ya fi na kowane bene da Salamatu ta taɓa gani a Kano. Yana dukan gurbinsa yana tashi kamar hayaƙi, feshin na jiƙa su tun daga nesa, rana ta zana bakan gizo a cikinsa. Duwatsun bakin gurbin duk gansakuka ce, kore mai santsi. Ƙasimu ya nuna wani faffaɗan dutse da hannu, don magana ba ta jiyuwa.

Gwaggo ta saki kafaɗar Salamatu. Da rarrafe ta hau dutsen, sannan ta miƙe tsaye a kansa, 'yar gajeriyar mace gaban wannan uban ruwa. Salamatu tana ganinta daga gefe. Ta ga ta buɗe baki, jijiyoyin wuyanta sun tashi. Ta ga ta sake, ta kuma sake, har tana dafa gwiwa. Ko sauti ɗaya bai iso ba, ruwan ya haɗiye duka. Fuskarta sharkaf, ba mai iya cewa ga feshi ga hawaye.

Da ta sauko suka koma cikin gorar, inda ake jin magana. Ƙasimu ya kawar da kai, ya ce cikin ladabi, "Ba mu ji komai ba, Inna."

Ita kuwa sai ta harare shi. "Ba ku ji ba? To ban yi komai ba ke nan." Ta share fuska da gefen mayafi, ta daidaita tsayuwa. "Lawan na kira. Lawan ɗana. Yanzu kun ji?"

"Mun ji, Inna," ya ce.

Suka yi masa addu'a a tsaye a nan. Sannan ta buɗe langar da Ƙasimu ya riƙo mata. Waina ce mai laushi, an baɗe ta da ƙuli. "Ku ci," ta ce. "Rabon Lawan ne. Ba zan koma da ita ba." Kowane ambaton sunan sai ta ɗan dakata a kansa, kamar mai taka ƙafar da ta daɗe a ɗaure.

A titi Ƙasimu ya tare musu motar wani abokinsa mai komawa Kano. An idar da magariba suka sauka. Salamatu ta ɗauka Gyaɗi-Gyaɗi za su nufa, amma Gwaggo ta ce Tarauni. Alhaji Bello yana ƙofar gida a kan tabarma da maƙwabta, carbi a hannu, fuska a murtuke. Ta tsaya daidai bakin zauren, ba ta taka ba, laka har gwiwa.

"Ga 'yarka, Yaya, lafiya lau. Laifin nawa ne, kada ka taɓa ta." Ta ɗaga murya yadda na cikin gida ma za su ji. "Na je wajen Lawan."

Maƙwabtan suka sunkuyar da kai. A cikin gida aka ji taɓarya ta tsaya. Carbin Alhaji ma ya tsaya a hannunsa. Ya buɗe baki zai yi faɗa. Amma abin da ya fito daban ne.

"Kin ga kabarin?"

"Ruwa ya shafe. Amma wurin yana da kyau, Yaya. Akwai sanyi, akwai bishiyoyi. Ba a yashe yake ba."

Alhaji ya mai da idonsa kan tabarma. Shi ma bai taɓa zuwa ba. Can ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Shiga ki wanke ƙafarki."

"Ka ce kada in taka."

"Huraira, shiga mana!"

"Sai ka janye a gaban waɗanda suka ji."

"Wa ya ji? Mu biyu ne a zauren."

"'Yar boko tana bayan ƙofa."

Wani daga cikin maƙwabtan ya kasa riƙe dariya. Alhaji ya ce ya janye, ta shiga.

Ba kowa ya yafe mata ba. Tsofaffin da suka yi ta yabonta suka daina kafa misali da ita, wasu suka ce ruwan ne ya taɓa mata kai. Ko a jikinta. Ta koma gindin darbejiya da suyarta, kuma daga ranar duk sabon direban da ya zauna sai ya ji labarin Lawan, yadda yake cin waina daga gefe yana barin tsakiya sai ƙarshe, yadda ba ya taɓa danna ham a kusa da murhunta. Fuskar dai ba ta dawo mata ba. Ta faɗa wa Salamatu haka, ba tare da kuka ba.

Ana gobe hutu zai ƙare Salamatu ta je yi mata sallama. Ta same ta tana zuba ƙullu a tanda. Gwaggo ta sa ta zauna, ta sa ta siffanta mata shi tun daga goshi: girar, ɗan tabon da ke gefen hanci, haƙorin da ya ɗan hau kan ɗan'uwansa. Tana ji tana gyaɗa kai, har waina ɗaya ta ƙone. Ta kwashe ta ta jefa wa kaji.

"Salamatu," ta ce, "abu ɗaya zan roƙe ki. In Allah ya ba ki na fari, ko ina raye ko ba na nan, ki ɗora shi a cinya a tsakar gida, da rana tsaka, mata na zaune. Ki kalle shi har ki ƙoshi, ki kira shi da sunansa. In wata ta ce ba ki da kunya, ki ce Huraira ce ta sa ki."